Shanyar Gyaɗa a Hanyar Khaula

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Malama Sadiya ce ta ce duk wanda ya halarci horon ya rubuta abin da ya yi da ya koma garinsu, ni kuwa har yau ban tabbata ko abin da na yi gyara ne ko ɓarna ba. Ga shi karatuna a firamare ya tsaya. Ta ce ba komai, in rubuta kamar yadda zan faɗa da baki. Ban iya gaya mata cewa da bakin ma ba na faɗa ba.

Sunana Umaima. Ƙauyenmu yana kan titin da ya tashi daga Gaya zuwa Ajingi, ya fi kusa da Ajingi. Gidajenmu a jere suke a bakin titin, makarantar firamare kuma tana can ƙarshen gari. Bayan gidaje kududdufi ne da shingayen gonaki, don haka duk yaron da zai je makaranta gefen titi zai bi. Da rani da damina babu damuwa. Da kaka ne ake samun matsala, domin da zarar an cire gyaɗa an tsinke ta, kowa gefen kwalta yake kai shanyarsa. Wurin yana riƙe zafi, ba yashi, kuma idon kowa yana kai, akuya ba ta samun sakewa. Bayan shanyar, tsakaninta da katangun gidaje, sai ciyawa da ƙarangiya da ramuka.

Mu kuma tun muna rarrafe ake buge mana ƙafa idan muka taka abinci. Saboda haka idan yaro ya iso shanya, ba ya ma tunani, sai ya hau kwalta.

Haka ƙanwata Khaula ta yi a kakar bara. Wani babur mai lodin buhuna ya zo wucewa, bakin buhu ya make ta, ta faɗi a kan hannunta. Aka kai ta wurin mai ɗori, ta warke, ta koma makaranta bayan an kwashe shanya. Gyaɗar da ta kauce wa a ranar, tamu ce.

Bana, da ganyen gyaɗa ya fara ja, Baba ya faɗa a tsakar gida, yana wanke hannu, cewa ranar da shanya ta fita bakin titi, Khaula za ta zauna a gida sai bayan kaka. Gyaɗa ba ta da wani wuri, in ji shi, yarinya kuwa tana da gida. Khaula tana aji shida, bana za su yi jarrabawa. Ta dube ni. Ni na san wannan “sai bayan kaka”. Da shi aka ce in dakata da zuwa sakandaren Ajingi, kaka ta wuce, wata ta zo, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya sake tayar da maganar. Amma ni ’yar fari ce. Baba ko sunana ba ya kamawa, ni ma ban taɓa tsayawa gabansa na ja magana ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tankaɗe.

Ana haka ƙanwar Baba, Gwaggo Aisa, wadda ke aure a Gaya, ta aiko cewa wata ƙungiya za ta ba da horo, ana neman mace guda daga ƙauyenmu wadda ta iya karatu, ta kuma ba da sunana. Duk horon da na taɓa jin an yi wa mata, na sabulu ne ko man shafawa. Don haka na wanke bokitinmu na roba, na sa muciya a ciki, na hau adaidaita zuwa Gaya.

Da safe na taka daga gidan Gwaggo zuwa ɗakin taron. Ina shiga na ga maza cike, wasu da kakin ’yan kiyaye haɗura, wasu ’yan ƙungiyar direbobi, da malaman makaranta, da ma’aikatan sashen ayyuka. Mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ba mai bokiti. Na lallaɓa kujerar baya na tura shi ƙarƙashi. Muciyar ta ƙi ɓuya.

Wani saurayi da ke gefena, da hular kwano a cinyarsa, ya leƙa ya ce, “Hajiya, tuwon a nan za a tuƙa? Ni malmala biyu nake ci.”

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Daga baya na san sunansa Hafizu, ɗan acaɓa ne daga ƙauyen da ke gaba da namu.

Mai koyarwar ita ce Malama Sadiya, doguwa, mai saurin magana, daga Kano ta zo. Abu na farko da ta tambaya shi ne, “Wa ya zo nan da ƙafa?”

Ba wanda ya motsa. Na ɗauka ana so a gane marasa hali ne. Amma ƙarya ba kyau, sai na ɗan ɗaga yatsa. Ta hango ni, ta ce a tafa mini. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ban san laifin da na yi ba, ban kuma san abin kirkin da na yi ba.

Daga nan aka kunna majigi. Aka nuna wani gari na ƙasar waje inda manyan mutane masu kwat suke tuƙa keke, motoci kuma suna tsayawa wata tsohuwa ta tsallaka. Malama ta ce garin da ya ci gaba shi ne wanda yaro zai taka zuwa makaranta uwarsa ba ta riƙe da zuciya a hannu ba. Ta yi maganar hayaƙi, da tsadar mai, da lafiyar jiki. Na yi ta ƙoƙarin in haɗa. Tun da aka haife ni nake tafiya a ƙasa, ban taɓa sanin ana zuwa koyonta ba. A garinmu wanda ya sayi babur ake wa barka, ba wanda ya ajiye ba.

Hafizu ya ɗaga hannu. “Malama, ranki ya daɗe, in kowa ya koma tafiyar ƙasa, mu ’yan acaɓa ciyawa za mu ci?”

“Kai in ka kafe babur ɗin, da me kake ƙarasawa cikin masallaci?”

“Da ƙafa.”

“To kai ma namu ne. Zauna.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi, a cikin mayafi.

Washegari ta fitar da mu bakin titi kusa da tasha, ta ce kowa ya tsuguna, ya kalli hanya daga tsayin yaro. Manyan mutane da manyan riguna suka tsuguna a jere. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani tsoho ya jingine kekensa ya ce, “Bayin Allah, me ya faɗi?” Kafin a ba shi amsa ya tsuguna shi ma yana laluben ƙasa.

Ni ban yi dariya ba a wannan karon. Daga ƙasa ba na ganin komai sai tayoyi da gindin buhuna. Adaidaita guda da ta tsaya ta rufe mini duniya gaba ɗaya. Babur yana fitowa ne kawai, kamar daga bango. Na tuna Khaula ba ta kai kafaɗata ba.

Da muka koma ciki, Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: me ke tura masu tafiya kan kwalta a garinku? Wani ya ce masu tebur, wani ya ce kwata, wani ya ce motocin da ake ajiyewa barkatai. Ina ta addu’a a tashi salla kafin a zo kaina. Ba a tashi ba.

“Gyaɗa,” na ce.

“Ɗaga murya, ƙanwata.”

“Gyaɗa.”

Wasu suka kwashe da dariya. Hafizu ya ce, “Wallahi gaskiyarta. Ku zo hanyarmu da kaka ku gani. Ni kaina rabin titi nake bi.” Malama ta matso kusa da ni, ta rage murya, ta yi ta tambaya har na gaya mata komai, da shanyar, da hannun Khaula, da maganar Baba.

Ta ce, “Shanyar za a iya ɗauke ta daga wurin?”

Na girgiza kai.

“To kada ki yi faɗa da ita. Ki yi wa yaran hanya tasu a bayanta. Ba a ce wa mutum kada ka bi nan. Yi masa ake inda ya fi daɗin bi. In hanya ta yi kyau, da kanta take kiran masu ita.”

Ta ce wannan ne aikina na gwaji. Kowa an ba shi nasa, za ta zagayo ta gani, waɗanda suka yi kuma za a kira su kashi na biyu a Kano. Ni ba Kano ce a raina ba.

Gwaggo Aisa ce ta rako ni gida, ita ta yi wa Baba magana ina bayan ƙyaure ina ji.

“Yaya, yarinyar nan fa an koya mata aikin hanya.”

“Wace yarinya?”

“’Yarka ta fari, da ba ka iya faɗin sunanta.”

“Aikin hanya? Ba sabulu ba? To ina bokitin?”

Na bar shi a ƙarƙashin kujera a Gaya. Gwaggo ta share wannan, ta yi ta bayani. Da ta gama, Baba ya ce, “Ni ba na gaba da boko. In akwai inda Khaula za ta bi ba ta hau kwalta ba, ta je. In babu, ta zauna. Hannu ɗaya na ɗora, ba zan jira na biyu ba.”

Washegari na ɗauki fartanya da lauje na fara daga ƙofar gidanmu, ina sare ciyawar da ke tsakanin gefen titi da katangu. Ƙarangiya ta cika mini zane. Hafizu ya zo wucewa da fasinja, ya ja birki.

“Hajiya mai tuwo! An fara?”

Da ya sauke fasinjan ya dawo, ya yi ta ɗauko mini jar ƙasa da tsakuwa a buhu daga wani rami, muna cike ramuka. Shi aikinsa na gwaji shi ne ya sa ’yan tasharsu su riƙa sa hular kwano. Ya ce nawa ya fi sauƙi, domin ciyawa ba ta zagi.

Na tuna Malama ta ce hanyar ta yi daɗin bi. A saninmu kuwa, ƙasa ba ta daɗin takawa sai an yi mata daɓe. Na ɗauko madaɓin Innarmu, na yayyafa ruwa, na durƙusa na fara bugu.

Iya Gaji, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta fito ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

“’Yar nan, me ake yi?”

A nan ne ya kamata in ce hanya ce ta ’yan makaranta. Sai na ga kamar zan zama mai koya wa tsohuwa zaman duniya, don na kwana biyu a Gaya. Na ce, “Gyara nake yi, Iya.”

Ta dubi tsawon wurin, ta dubi rana, ta gyaɗa kai. “Allah ya yi miki albarka. Amma ba haka ake riƙe madaɓi ba, kamar mai tsoron ƙasa. Kawo.”

Kafin azahar mata sun fito, har da waɗanda ba su cika leƙo waje ba, kowa da madaɓinta. Wata ta kawo ruwan makuba don ƙasar ta kama. Iya Gaji tana ba da waƙa ana amsawa, ana bugu tare. Na yi mamakin yadda suka damu da ’yan makaranta haka. Har na ji kunyar zaton da na yi cewa ba za su gane ba. Cikin ’yan kwanaki muka kai daɓen har ƙofar makaranta. Ni da Khaula muka jera duwatsu a gefensa, muka shafa musu farar ƙasa, kamar yadda na gani a majigi. Ya bushe ya yi sumul, ya fi tsakar ɗakin amarya.

Khaula ta yi ta gudu a kai ba takalmi. “Yaya, wannan duk tawa ce?”

“Taku ce, ku duka.”

Ta bi ta kai zuwa makaranta, yara suka bi ta. Na aika wa Malama Sadiya saƙo ta wayar Hafizu cewa an gama. Ta ce za ta zo ranar Laraba.

Ranar Talata aka fara fito da gyaɗa.

Laraba da hantsi na leƙa waje, sai na ga ban gane garin ba. Gefen kwalta ya cika da shanya kamar kullum. Hanyata ma ta cika. Tun daga ƙofarmu har inda ido ya kai, gyaɗa ce shimfiɗe a kan daɓen, an baza ta da kyau. Duwatsuna masu farar ƙasa an ɗauke wasu an gitta su, sun zama iyaka tsakanin shanyar wannan gida da ta wancan. Ta farko daga ƙofarmu, tamu ce. Baba da kansa ya juye ta da asuba.

Khaula tana zaure da kayan makaranta a jikinta. Ba a ce ta cire ba, ba a ce ta tafi ba.

Iya Gaji ta hango ni ta ɗaga hannu biyu. “Ga ta nan! Umaima, Allah ya ba ki miji mai haƙuri. Shekara nawa muna rigima a kan wurin shanya, kowa yana tura na wani? Dubi bana. Ko tsakuwa ɗaya ba za a tsinta a gyaɗar nan ba.”

“Iya, ai wurin...”

“Ya yi! Kada ki ce komai, ya yi. Ashe abin da aka koya muku ke nan a Gaya? Gwamnati ta fara hankali.”

Ana haka, sai ga Hafizu ya sauke Malama Sadiya, da hular kwano a kanta a kan mayafi. Ya kashe babur, ya dubi hanyar, ya dube ni. Ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa.

Malama ta ce, “Ina hanyar?”

Na nuna.

“Ina?”

“Tana ƙasa.”

Hafizu ya kasa riƙewa. “Malama, ai maganarki ce ta tabbata. Kin ce hanya mai kyau tana kiran masu ita. Ga su nan sun amsa.”

“Hafizu, mutum nawa suka sa hular kwano a tasharku?”

“Ni da ke.”

“To yi mana shiru.”

Ta ce mu taka zuwa makarantar ta gani da idonta. Ta yi gaba, ta iso bakin shanyarmu, ta ɗaga ƙafa, ta tsaya. Sai ta kauce, ta zagaya ta kan kwalta. Wata bas mai zuwa Kano ta danna mata oda, ta yi tsalle ta dawo, ta dafe ƙirji. Muka tsaya muna kallon juna.

“Ni ma ba zan iya takawa ba,” ta ce a hankali. “Kakata za ta taso daga kabari.”

Ta tambaye ni ko na gaya wa matan abin da ake yi wa daɓen. Na ce na ce musu gyara ne. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta je ta durƙusa ta gaida Iya Gaji, ta yi mata bayani a tsanake. Iya ta saurara har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

“Yaran namu ne, ’yata, wa zai ƙi su? Amma da hannunmu muka daɓe wurin nan. Yanzu in kwashe in kai ina? Kan yashi? In ruwan ƙarshe ya sauko gyaɗar ba ta bushe ba, ta yi baƙi, me yaran za su ci su je makarantar? Ku bari a gama, ai ba daɗewa za a yi ba. Bayan kaka sai su bi abinsu.”

Bayan kaka. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa.

Malama ta ce za ta kai maganar gaba, wataƙila a samu a yi wa garin dandamalin shanya na siminti a wani wuri. Amma ta faɗa mini gaskiya, ba bana ba. Na tambaye ta ko na faɗi gwajin. Ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa ganin irin wannan ba, in rubuta yadda aka yi. Iya Gaji ta cika mata leda da gyaɗa. Ta hau babur ta tafi da ita a cinya.

Da na shiga gida na tarar Khaula ta cire kayan makaranta ta ninke. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin murhu ina juya abin. Na yi hanya ko ban yi ba? In na yi, ina take? In ban yi ba, me ya fasa mini tafin hannu? Kowa a garin yana sa mini albarka, Malama ba ta yi fushi ba, Baba bai karya maganarsa ba, ga kuma Khaula a gida. Na rasa wanda zan ji haushi. Har bokitin da na bari a Gaya ya faɗo mini a rai, na ce da sabulun aka koya mini da yanzu na san ko ya yi kumfa ko bai yi ba.

Bayan azahar Baba ya yi gyaran murya daga zaure. “Ke, a je a juya gyaɗar nan.”

Na fita. Na cire takalmi a bakin shanya kamar yadda ake yi, na yi bisimilla, na shiga ina jan ƙafa, ta ƙasa tana dawowa sama, layi yana fitowa a bayana. Na kai ƙarshen tamu. Ta Iya Gaji ce a gaba, dutse ɗaya ne tsakani. Tana zaune a inuwa tana tausa gwiwa.

“Tunda kin shigo, ’yar albarka, wuce da tawa. Gwiwar nan ta ƙi.”

Na wuce da tata. Matar gidan gaba ta leƙo ta katanga ta ce in ba zan gaji ba in haɗa da tasu. Na yi ta jan ƙafa, kaina a sunkuye, ina tunanin Khaula, gyaɗa tana ƙara a ƙarƙashina da ɗumi. Da na ɗago, ƙofar makaranta ce a gabana. Na waiga. Takalmana suna can ƙofar gidanmu, ƙanana. Ban hau kwalta ba. Ba kuma wanda ya ce na taka abinci, sannu ma ake yi mini.

Na daɗe a tsaye a wurin. Ban san ko wannan yana cikin abin da aka koya mana ba. A majigin dai ban ga mai tafiya ba takalmi ba.

Washegari da safe na tashi Khaula na ce ta sa kayan makaranta. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta sa. Muka fito. An riga an baza shanya, Baba yana tsaye a bakin tamu da buhun da ya zazzage a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.

Na cire takalmina. Na ce wa Khaula ta cire nata ta sa a jaka. Na sa ta a gaba, na ce ta yi bisimilla, kada ta ɗaga ƙafa, ja za ta yi. Muka shiga.

“Ke,” in ji Baba. “Me ke nan?”

Ban juyo ba, don in na ga fuskarsa maganar za ta koma. Na ce, “Juyawa muke yi, Baba. Har makaranta.”

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Yaran maƙwabta da ke shirin hawa kwalta suka tsaya suna kallo. Ɗaya ta tuɓe silifas ta biyo mu, sauran suka bi. Iya Gaji ta fito da buta a hannu, ta ga layin da muke bari a bayanmu, ta ƙyale mu muka wuce.

Baba ya bi mu da ido har muka kai dutsen iyaka. Sannan ya kakkaɓe buhunsa.

“Gyaɗar da aka baza yanzu, me za a juya a cikinta? Aikin banza.” Ya ninke buhun ya sa a hammata. “In an tashe su da azahar ne take son juyi. Ki gaya mata ta ja ƙafa sosai in za ta dawo, ba wannan tafiyar hawainiyar ba.”

Na raka su har ƙofar makaranta, na jira Khaula ta karkaɗe ƙafa ta sa takalmi ta shiga. Sannan na juyo ta cikin gyaɗar na dawo gida.